Hotunana suna fitowa a koɗe, in na ƙara musu launi kuma sai su lalace

Ɗalibin Hoto

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar gyaran hoto. Wata shida ke nan da na fara ɗaukar hoto da kyamara mai canza gilashi, bayan shekarun da na yi ina dogaro da wayar hannu, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hotunan wayar sun fi na kyamarar ɗaukar ido. Idan na ɗauki lambu da yamma, a idona ganyen kore ne shar, furannin kuma jawur, amma da zarar na sauke hoton a kwamfuta sai in tarar da shi a koɗe, kamar an lulluɓe shi da siririn hazo.

Abin da nake yi don gyara shi ne in buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta GIMP, wani lokaci kuma a ta Snapseed idan ina kan waya, in ja sandar ƙarfin launi zuwa wajen 40 ko 50, sannan in ƙara sandar bambancin haske da duhu. Da farko sai in ga kamar ya yi kyau. Washegari idan na sake dubawa sai in ga jajayen furannin sun zama dunƙulen ja guda ɗaya wanda ba a gane inda ganyen fure ya rabu da ɗan'uwansa, fuskokin mutane sun koma ruwan lemo, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin har gashin kai ya haɗe da bangon da ke bayansa.

Tambayoyina su ne: wane ne ya kamata ya fara, launi ko haske? Akwai wani adadi da masana suka tsayar wanda ba a so a wuce shi? Ko kuwa laifin kyamarar ne tun farko, in daina wahalar da kaina a kan manhaja? Na gode.

Mai Kyamara Tun Zamanin Fim

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kyamararka ba ta da laifi. Wayar hannu takan yi wa hoto gyara tun kafin ta nuna maka shi: sau da yawa takan ɗauki hotuna da dama a cikin ƙiftawar ido ta haɗe su, ta buɗe inuwa, ta ƙara launi, ta ƙara kaifi, sannan ta miƙa maka abin da ta gama ƙawatawa. Kyamarar kuwa, musamman idan an saita ta a kan salon da ba ya ƙarin gishiri, ta bar maka wannan aikin ne ka yi da hannunka.

Haske ne yake farawa, kuma dalilin yana cikin yadda kwamfuta take riƙe launi. Kowane ɗigo na hoto, wato fiksel, lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi, kuma a hoto irin na JPEG kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Idan lambobin uku suka yi daidai da juna sai a sami ruwan toka, idan suka yi nesa da juna sai launi ya yi ƙarfi. To ka ga ƙarfin launi tazara ce kawai tsakanin waɗannan lambobi. Hoton da ya fito a koɗe, mafi yawan lokuta, hoto ne da bai yi amfani da dukkan filin da aka ba shi ba.

Ka buɗe jadawalin haske da ake kira histogiram, wanda yake kama da tudu da kwari, gefen hagu yana wakiltar duhu, gefen dama yana wakiltar haske. Ina kyautata zaton za ka tarar tudun hoton lambunka ya taru a tsakiya, ya fara daga wajen 40 ya ƙare a wajen 200, babu komai a gefuna biyun. Ma'anar haka ita ce babu baƙi na gaskiya a hoton, babu kuma fari na gaskiya, shi ne hazon da kake gani. A GIMP da Photoshop akwai kayan aiki mai suna Levels, wanda zan kira matakan haske. Ka jawo alamar baƙi daga 0 zuwa inda tudun ya fara, ka jawo alamar fari daga 255 zuwa inda ya ƙare, ka tsaya nan.

Bari mu yi lissafi, don a ga abin da yake faruwa. Ɗauki fiksel mai ja 180, kore 120, shuɗi 90. Tazarar da ke tsakanin babbar lambar da ƙaramar ita ce 90. Idan aka mayar da 40 ya zama 0, aka mayar da 200 ya zama 255, fiksel ɗin nan zai koma ja 223, kore 128, shuɗi 80, tazarar ta tashi daga 90 zuwa 143. Launin ya yi ƙarfi sosai ba tare da ka taɓa sandar ƙarfin launi ko sau ɗaya ba. Wanda ya fara da ƙara launi, daga baya ya zo ya ƙara bambancin haske, ya yi ƙari sau biyu ke nan bai sani ba, kuma abin da yake faruwa da kai ke nan.

Batun furannin da suka dunƙule kuwa, lamba ba ta iya wuce 255. Jan fure tun asali lambarsa ta ja tana kusa da ƙarshe, sai ka ƙara tura ta, duk fikselolin da a da suke 230 da 240 da 250 suka haɗu a 255, na kore da na shuɗi kuma suka faɗi zuwa 0. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne yake nuna lanƙwasar ganyen furen da inuwarsa, kuma da ya tafi sai fenti kawai ya rage. Saboda haka kada ka tsaya ga jadawalin haske na gaba ɗaya, ka riƙa duba na ja shi kaɗai, domin yana iya tokarar bango alhali na gaba ɗayan yana nuna lafiya lau. A Photoshop idan ka danne maɓallin Alt yayin da kake jan alamar, zai nuna maka wuraren da suka fara ƙonewa, a Lightroom kuma harafin J ne yake yin wannan aikin.

Bayan matakan haske, ni ban cika taɓa sandar bambancin haske ba, domin tana tura duhu da haske ne baki ɗaya ba ta tambayar abin da hoton yake bukata. Na fi son kayan aikin Curves, wato layin lanƙwasa. Layi ne da ya tashi daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama. Ka sa ɗigo a wajen 64 ka sauke shi zuwa 56, ka sa wani a wajen 192 ka ɗaga shi zuwa 200, layin ya ɗan yi siffar harafin S. Inda layin ya ƙara tsayuwa, nan ne bambanci yake ƙaruwa, inda ya kwanta kuma nan yake raguwa, don haka duk abin da ka ƙara wa tsakiya, daga inuwa da wurare masu haske ka ciro shi. Lanƙwasar da ido yake gani ɓaro-ɓaro a kan jadawalin ta riga ta yi yawa. Lambobin nan misali ne kawai, kowane hoto da nasa.

Adadin da ka tambaya babu shi. Sai dai zan iya cewa, bayan na gama waɗannan biyun, da wuya in ƙara ƙarfin launi fiye da 10, kuma sau da yawa ragewa nake yi.

Malama Mai Gyaran Hoto

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma zan ɗan saɓa masa a kan abin da yake farawa. A wurina, kafin matakan haske ma, daidaita fari ne mataki na farko. Hasken da muke ɗaukar hoto a cikinsa yana da nasa launin, ana auna shi da ma'aunin Kelbin: hasken rana tsaka yana wajen 5,500, tsohon ƙwan lantarki mai zare yana tsakanin 2,700 da 3,200 shi ya sa yake rina komai rawaya, inuwa a ƙarƙashin buɗaɗɗen sama kuma tana kaiwa 7,000 ko fiye, sai ta rina komai shuɗi. Ido yana gyara wannan da kansa ba mu sani ba, kyamara kuwa hasashe take yi, wani lokaci ta dace wani lokaci ta kuskure. Idan shuɗi ya lulluɓe hoto, duk wani ja da rawaya da ke ciki sai ya dusashe, kuma idan ka ƙara ƙarfin launi a wannan hali, rinin ne zai fara ƙaruwa. Ka nemi wani abu a hoton da ka san fari ne ko ruwan toka, wanda bai ƙone ba, ka ɗora masa alamar tsinken daidaita fari. Za ka yi mamakin yadda launuka za su farfaɗo. Abin lura kawai shi ne, hoton yamma ɗumin haskensa shi ne kyawunsa, kada a wanke shi tas har ya koma kamar na tsakar rana.

Game da fuskokin da suke komawa ruwan lemo, sandar ƙarfin launi ba ta da tausayi, daidai take ƙara wa launin da ya riga ya cika da wanda ya koɗe. Lightroom da Photoshop suna da wata sandar mai suna Vibrance, wadda take ƙara wa koɗaɗɗun launuka fiye da cikakku, take kuma sassauta wa launin fata. Ga hoton da akwai mutum a ciki ita ta fi dacewa. Amma abin da ya fi su duka shi ne a bi launi ɗaya bayan ɗaya. A GIMP, cikin kayan aikin nau'in launi da ƙarfinsa, za ka iya zaɓar kore shi kaɗai, ko shuɗi shi kaɗai, ka bar ja da rawaya yadda suke, tunda fatar ɗan Adam, baƙa ce ko fara, tsakanin waɗannan biyun take zaune. Ka kuma sani cewa ganyen bishiya yana ɗauke da rawaya mai yawa, sau da yawa sandar rawaya ta fi ta kore motsa shi, kuma nan ne ake samun karo da fata, sai an keɓe wurin da ake son gyarawa. Sararin sama kuwa, rage hasken shuɗin kaɗan ya fi ƙara ƙarfinsa ba da sakamako mai kama da gaskiya.

Akwai kuma abin da nake so a kula da shi a lanƙwasar da Malam ya kwatanta. Mutum mai duhun fata, fuskarsa takan faɗo ne a sashen ƙasa na jadawalin, daidai inda aka ce a sauke layin. Idan aka bi wannan ƙa'ida ido rufe, fuskar ce za ta nutse, kamar yadda gashin kai yake haɗewa da bango a hotunanka. A irin wannan hoto nakan fara sa ɗigo a daidai hasken fuskar don in kafe ta, ko ma in ɗan ɗaga ta, sannan in sauke abin da ya fi ta duhu. Idan kuma lanƙwasar ta yi daidai ta fuskar haske amma ta cika launi, sai in yi ta a kan shimfiɗa ta dabam, wato kwafin hoton da ake ɗorawa a kan na asali, in saita yanayin haɗin shimfiɗar ya shafi haske kaɗai.

Abin da ka ce na ganin kyau yau da ganin muni gobe, halin ido ne. Yana sabawa da abin da yake kallo cikin ɗan lokaci, sai abin da ya yi yawa ya koma masa daidai. Ni nakan ja sanda har in ga ta yi yawa, in dawo da ita rabi, in tashi in bar kwamfutar na minti goma, in dawo in kwatanta da hoton asali.

Ɗalibin Hoto

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah ya ƙara sani. Na gwada a kan hoton lambun, tudun ya fara ne daga 35 ya ƙare a 210, kuma da na daidaita fari na jawo alamomin biyu, hazon ya washe, furannin ma sun dawo da siffarsu ban taɓa ƙarfin launi ba. Sai dai wata matsala ta ɓullo. A wani hoton mai faffaɗan sararin sama, bayan gyaran sai saman ya yi layi-layi kamar matakala maimakon ya tafi sumul daga shuɗi mai duhu zuwa mai haske, jadawalin ma ya yi giɓi kamar haƙoran mataji. Na biyu kuma, hoton da na gama gyarawa ya yi mini daidai a kwamfuta, da na tura shi waya sai ya yi tsananin launi, a wayar wani kuma ya sake canzawa. Da wanne zan yarda?

Ma'aikacin Ɗab'i

Barka dai, ɗan'uwa. Haƙoran matajin nan shaida ce cewa hoton da kake gyarawa mai bit 8 ne, wato matakai 256 kacal ga kowane launi. Idan ya yi kama da na lambunka, kimanin 175 daga ciki ya yi amfani da su, ka miƙe su don su cike 256, kuma tunda manhaja ba ta iya ƙirƙiro matakan da babu su, sai ta bar giɓi a tsakani. A cikin ganye ko tufafi ido ba ya lura, amma a sararin sama, inda launi yake canzawa sannu a hankali, tsallen da ke tsakanin mataki da mataki sai ya fito fili. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana ƙara dagula lamarin, domin yana raba hoto gida-gida na fiksel 8 sau 8 yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai nema ba, kuma bayanan launi ya fi zubarwa fiye da na haske. Duk lokacin da ka ƙara launi da ƙarfi, abin da ya ɓoye ne kake tonowa.

Maganin na asali shi ne ka saita kyamararka ta riƙa ajiye ɗanyen hoto, wato RAW, wanda kyamarar ba ta riga ta sarrafa shi ba. Yawancin kyamarori suna rubuta shi da bit 12 ko 14, ma'ana matakai 4,096 ko 16,384 ga kowane launi, don haka kana iya miƙewa da lanƙwasawa ba tare da giɓi ya bayyana ba, kuma daidaita fari a ɗanyen hoto ba ya rage masa komai. GIMP ba ta buɗe shi kai tsaye, sai ta hanyar darktable ko RawTherapee, waɗanda dukkansu kyauta ne, kuma a cikinsu za ka iya gama kusan duk abin da aka bayyana maka a sama. Ga hotunan JPEG da ka riga ka ɗauka, ka mayar da su bit 16 kafin ka fara gyara, abin da GIMP take iyawa tun fitowar 2.10 a 2018. Wannan ba zai dawo da abin da ya ɓata ba, amma zai hana kowane sabon gyara ƙara nasa ɓarnar. Ka keɓe saman kada lanƙwasar ta shafe shi sosai, idan kuma layukan sun ƙi tafiya, ɗan yayyafin tsaki-tsaki kaɗan yakan ɓatar da su. Ka riƙa ajiye aikinka a XCF ko TIFF, tsare-tsaren ajiya da ba sa zubar da bayanai kamar JPEG, sai ka gama sannan ka fitar da JPEG sau ɗaya, domin kowace sabuwar ajiya a JPEG sabuwar asara ce.

Tambayarka ta biyu ita ce ciwon kan da muke fama da shi kullum a wurin aiki. Lambobin ja da kore da shuɗi ba su da ma'ana sai an faɗi wane ma'aunin launi ake nufi. Akwai sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne kuma intanet ta ginu a kansa. Akwai Adobe RGB na 1998, wanda ya fi shi faɗi musamman a ɓangaren kore. Idan kyamara ta ajiye hoto a Adobe RGB, aka buɗe shi a manhajar da ba ta karanta alamar ma'aunin, za ta ɗauka sRGB ne, hoton kuma ya fito a koɗe ba tare da wani laifi nasa ba. Ka duba wannan a saitin kyamararka, kuma duk hoton da za ka tura wa mutane ka juya shi zuwa sRGB, ka bar alamar ma'aunin a jikinsa.

Wayoyi da yawa kuma suna zuwa da allon da aka saita a kan yanayin launi mai armashi, wanda yake ƙara wa komai ƙarfi. Ka shiga saitin allon ka mayar da shi yanayin da ya fi kusa da na halitta kafin ka yanke hukunci. Allon kwamfutar ma ba a yarda da shi haka kawai: idan haskensa ya yi yawa za ka riƙa duhunta hotuna ba ka sani ba, idan kuma mai rauni ne wajen nuna launi za ka riƙa cika musu launi, wanda ina zargin shi ne halin da kake ciki. Masu wannan sana'a kan saita hasken allo a wajen kandela 120 a kowane murabba'in mita, wato ma'aunin ƙarfin haskensa, da farin 6,500 na Kelbin, da na'urar awo da ake ɗorawa a fuskar allon. Kafin ka mallaki irinta, ka rage hasken allon zuwa matsakaici, ka kashe yanayin dare mai rina allo rawaya, ka guji yin gyara a inda rana take dukan allon, sannan ka fi amincewa da jadawali da lambobi fiye da idonka.

Mai Kyamara Tun Zamanin Fim

Na karɓi gyaran Malama, daidaita fari ne a gaba, kuma maganarta a kan duhun fata gaskiya ce da na tsallake. Ƙari ɗaya nake da shi, tunda ɗan'uwanmu ya ambaci hazo. Da ka shiga manhajojin ɗanyen hoto za ka haɗu da sandunan da suke ƙara bambanci tsakanin abu da maƙwabcinsa maimakon hoton gaba ɗaya, irin Clarity da Dehaze a Lightroom, ko Structure a Snapseed. Suna da amfani ga dutse da gajimare da gini, kuma suna saurin shiga rai. Alamar sun yi yawa ita ce wani farin zobe da zai bayyana a gefen bishiya ko rufin gini inda ya haɗu da sama, a fuska kuma suna fito da kowane ƙurji da tamoji. Ka ƙara girman hoton zuwa kashi 100 ka bi gefunan da kallo kafin ka amince, kuma idan da mutum a hoton, ka keɓe fuskarsa daga wannan gyaran. Idan ka ɗauki lambun a ɗanyen hoto, ka kawo mana jadawalin ja shi kaɗai mu ga inda furannin suka tsaya.